Mai Faci a Bakin Hanyar Yungas

Rumfata tana nan inda La Paz ta ƙare,
inda kwalta ke haki kafin ta hau La Cumbre.
Basilia Limachi, haka aka rubuta da farin fenti
jikin wata tsohuwar taya.
Ruwan sama ya lashe rabin sunan.

Ba na karanta jarida, taya nake karantawa.
Mirgino min ita, in faɗa maka halin mai ita:
wannan yana taka birki kamar ƙasa ta ci masa bashi,
wancan yana lafta dankali har gefenta ya yi ƙari,
wannan kuwa matsoraci ne,
kafaɗar da ke duban dutse kaɗai ta suɗe.

Anacleto Huanca ya zo da asuba, bas ɗinsa cike,
mata da ƙunshin ganye, yara suna barci a cinya.
Na tsoma kwabo cikin zanen tayarsa ta gaba,
kwabon ya tsaya tsirara, ko ƙugunsa bai ɓuya ba.
Na ce, ta yi sanƙo.
Ya ce, da sauran rai, Basilia, ta san hanya.
Ya zagaya ƙafafun motar yana ɗiga musu barasa,
rabon Pachamama ke nan, in ji shi.
Na ce, za ta sha abin da ka zuba mata,
amma ban taɓa jin ta mayar wa roba haƙori ba.
Ya yi dariya, ya ja ƙofa.

Marleni Ticona ba ta musu.
Babur ɗinta ja ne, buhun kofi biyu a baya.
Hanya ɗaya, ta ce, amma gari uku take kwana:
a sama ƙanƙara ta shimfiɗa madubi,
a tsakiya gajimare ya zauna kan titi kamar na gidansu,
a ƙasa laka mai ɗumi, ga ayaba, ga sauro.
Tayar da ta yi mata biyayya a tudu
ita ce ke rawar kai in an kusa Coroico.
Sai ta tsuguna, ta danna bawul da farce,
ta saki iska kaɗan, tana ƙirgawa da leɓe.
Ta taɓa nuna min tafin hannunta, ta ce,
iyakar abin da ke taɓa ƙasa ke nan,
ɗaya gaba, ɗaya baya,
sauran duk addu'a ce.

Akwai guda ɗaya rataye a bangon ciki,
ba ta sayarwa ba ce.
Ta Tiburcio ce, mijina.
Ita aka iya haurowa da ita daga kwarin, da igiya.
Sabuwa fil. Gashin robar ma bai kakkaɓe ba.
Ni na ɗaura ta, ni na ba ta iska,
ni na bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya.
Shekara goma sha ɗaya ina juya ta a fitila,
ba ƙusa, ba tsaga, ba kumburi.
Ni da ke karanta ta kowa,
wannan ta ƙi buɗe baki.

Jiya Anacleto ya dawo da yamma, babu dariya.
Madubin gefe babu, fenti ya kwaile har ƙarfe.
Bai ba ni labari ba, ban tambaya ba.
Ya ƙirga kuɗi sau biyu, na taya biyu suka isa.
Ya ce sauran sai wata ya mutu.

Na sa jak, na ɗaga.
Kafin dare akwai tiyub uku a bahon ruwa,
ina danna su da hannu mai sanyi,
ina jiran inda kumfa za ta fito.